SAM GARBA OKOYE: ƊAN JOS DA YA FARA CI WA NIJERIYA ƘWALLO A WASANNIN OLIMFIK

Ran Litinin, 14 ga watan Oktoba na shekarar 1968, a wani birni da ake kira Puebla cikin ƙasar Meksiko, 'yan wasan ƙwallon ƙafa na Nijeriya suka shiga fili domin karawa da na ƙasar Japan. Wannan shi ne karo na farko da Nijeriya ta taɓa buga ƙwallon ƙafa a Wasannin Olimfik, ko da yake tun shekarar 1952 take aikawa da 'yan guje-guje da tsalle-tsalle. Japan ce ta fara ci, amma ba a kai ga hutun rabin lokaci ba sai wani saurayi ɗan Jos ya rama. Sunan saurayin nan Samuel Garba Okoye, amma duk ƙasa ta fi saninsa da Sam Garba.

Wannan ƙwallo da ya jefa a raga ita ce ta farko da aka rubuta wa Nijeriya a littafin Wasannin Olimfik. Duk waɗanda aka ci daga baya, har da waɗanda suka kawo mana lambar zinariya a 1996, bayanta suka biyo. Amma yau in mutum ya shiga ɗakin kallon ƙwallo a Tudun Wadan Zariya, ko ya zauna cikin ɗaliban Kongo da maraice suna gardamar kulob-kulob na Ingila da Sifen, ya tambaye su wane ne Sam Garba, da wuya ya sami mai amsa masa. Yaran da za su iya lissafa maka 'yan wasan Turai goma sha ɗaya ba tare da numfasawa ba, ba su taɓa jin sunan mutumin da ya buɗe wa ƙasarsu ƙofa ba. Laifin kuwa ba nasu ba ne su kaɗai, domin yaro ba ya sanin abin da ba a gaya masa ba. Saboda haka muka ga ya kamata mu kawo wa masu karatu tarihin wannan bawan Allah, da zamanin da ya yi, da abin da ya bari.

Garin Kuza

Ba a fahimtar Sam Garba sai an fahimci garin da ya tashi a ciki. Jos gari ne da haƙar kuza ta kafa. Tun farkon mulkin Turawa kamfanoni suka dira a kan tsaunin Filato suna haƙa, suna kuma neman hannu. Mutane suka yi ta kwarara daga ko'ina: Hausawa daga Kano da Zariya da Bauci, Inyamurai daga Gabas, Yarabawa daga Yamma, mutanen Urhobo daga bakin teku, ga kuma 'yan ƙasa, Birom da Anaguta da Afizere. Mutanen Zariya ma suna da hannu a wannan labari, gama daga Zariya aka ja ƙaramar hanyar jirgin ƙasa da ta hau tsauni ta isa Jos da Bukuru wajen 1914, ta yi ta ɗaukar kuza da leburori har aka rufe ta a 1957.

Inda aka tara ma'aikata da yawa haka, ga Turawan kamfani masu sha'awar wasa, ga makarantun mishan masu filaye, ga kuma sanyin iska da ke barin mutum ya yi gudu ba tare da rana ta gasa shi ba, lalle tamaula za ta sami gindin zama. Haka kuwa aka yi. 'Ya'yan leburori da na akawuna da na 'yan kasuwa suka taso suna buga ƙwallo a lungu ɗaya, yawancinsu ba takalmi, kuma Hausa ce harshen da ya haɗa su a fili, ko daga ina iyayensu suka fito.

Sunan Sam Garba kansa ya isa ya nuna irin garin da Jos take a wancan zamani. Samuel sunan Kirista ne, Garba sunan Hausa ne, watau laƙabin Abubakar, Okoye kuwa sunan Inyamurai ne. Sunaye uku daga gida uku a kan mutum ɗaya, kuma ba wanda ya ga abin mamaki a ciki. 'Yan kallo ba su tambayar asalin ɗan wasa, abin da suke so su gani shi ne yadda zai yi da ƙwallo in ta zo ƙafarsa.

Tun kafin Sam Garba ya isa shiga fili, Arewa ta riga ta nuna kanta. An fara gasar Kofin Gwamna a 1945, wanda daga baya aka mai da shi Kofin Ƙalubale, kuma shekarun farko kulob-kulob na Ikko ne suka yi kaka-gida a kansa. A 1951 'yan Jos suka kai wasan ƙarshe, 'yan Reluwe na Ikko suka ci su 3 da 2. A 1953 kuwa 'yan Kano suka doke Dynamos ta Ikko da ci 2 da 1, suka ɗauko kofin, wanda shi ne karo na farko da ya bar Ikko. Yaron da ya tashi a Jos a waɗannan shekaru ya tashi ne yana jin labarin kofin da ya kusa zuwa garinsu amma bai zo ba.

Daga Filin Makaranta

A wancan zamani makaranta ita ce gonar da ake shuka 'yan wasa. Kowace makarantar sakandare tana da fili da malamin wasanni, ana gasa tsakanin gidajen ɗalibai, sa'an nan tsakanin makarantu, sa'an nan tsakanin larduna. Daga cikin waɗanda suka yi fice ake zaɓen ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, wadda ake kira Academicals, ita kuwa takan kara da takwararta ta ƙasar Gana.

Ya kamata mai karatu ya tuna cewa a shekarun 1960 Gana ce sarauniyar ƙwallo a Afirka. Ta ci Kofin Afirka a 1963, ta sake ci a 1965, Shugaba Kwame Nkrumah kuma ya ɗauki ƙwallo tamkar wani makamin siyasa, yana zuba mata kuɗi da kulawa. Nijeriya ta sha kashi a hannun Gana ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. To, a tsakiyar waɗannan shekaru ne ɗaliban Nijeriya suka je har birnin Akra suka doke na Gana a gidansu, abin da ya girgiza masu sha'awar wasa a ƙasashen biyu. Cikin yaran da suka yi wannan aiki akwai 'yan Jos: Sam Garba, da Isma'ila Mabo, da Peter Anieke, da Tony Igwe. Daga nan sunayensu suka shiga jaridu, ba da daɗewa ba kuma aka fara kiransu zuwa babbar ƙungiyar ƙasa, wadda a lokacin ake kira Green Eagles.

Sam Garba ɗan wasan gaba ne, kuma abin da ya fi shahara da shi shi ne yanka da sarrafa ƙwallo a ƙuntataccen wuri. Irin ɗan wasan nan ne da ke sa a cika fili tun kafin la'asar, wanda in ƙwallo ta iso gare shi sai 'yan kallo su miƙe tsaye tun bai yi komai ba. Segun Odegbami, wanda shi ma a Jos ya tashi kafin ya zama kyaftin ɗin Nijeriya, ya sha ambatonsa cikin rubuce-rubucensa a matsayin gwanin da yaran garin suka taso suna kwaikwayo.

Tafiya Meksiko Ana Tsakar Yaƙi

Lokacin da aka tafi Meksiko, Nijeriya tana cikin mawuyacin hali. Rikicin 1966 ya riga ya raba dubban mutane da gidajensu a garuruwan Arewa, Jos kuma tana cikin waɗanda abin ya shafa ƙwarai. Yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yuli na 1967, bai ƙare ba sai Janairun 1970. Watau a ranar da aka buga wasan Puebla ana can ana ɓarin wuta a fagen fama, 'yan wasa da yawa na Gabas kuma yaƙi ya rutsa da su, ba su da halin buga wa kowa.

A cikin wannan hali ne aka haɗa ƙungiyar da ta tafi. Mafi yawan 'yan wasan daga kulob ɗin Stationery Stores na Ikko suka fito, wanda ya ci Kofin Ƙalubale a 1967 da 1968. Cikin masu horar da su akwai Teslim Balogun, wanda ake yi wa laƙabi da Thunder saboda ƙarfin bugunsa. Ƙasashen Afirka uku ne suka buga ƙwallo a wannan shekara: Nijeriya da Gana da Gini. Aka sa Nijeriya rukuni ɗaya da Japan da Sifen da Barazil.

Birnin Puebla yana kan tudu, sama da mita 2,000 daga doron teku, inda iska ba ta da kauri, mai gudu yakan yi saurin haki. Jos ma tana kan tudu, kimanin mita 1,200, amma sauran 'yan wasan da suka saba da iskar bakin teku ta Ikko sun sami kansu a wata duniya dabam. Duk da haka aka tafi hutun rabin lokaci ana kunnen doki, ɗaya da ɗaya, albarkacin ƙwallon Sam Garba. Sai a kashi na ƙarshe na wasan ne Japan ta ƙara biyu, aka tashi 3 da 1. Dukkan ƙwallaye ukun na Japan mutum ɗaya ne ya ci su, Kunishige Kamamoto, wanda ya ƙare gasar da ƙwallo 7, ya fi kowa, ya kuma kai ƙasarsa ga lambar tagulla. Saboda haka ba a hannun ƙananan mutane Nijeriya ta faɗi ba.

Wasa na biyu Sifen ta ci Nijeriya 3 da nema. Na uku kuwa shi ne wanda dattawa suka fi tunawa. Kafin hutun rabin lokaci Nijeriya ta zura wa Barazil ƙwallo uku ba ko ɗaya: Kenneth Olayombo ya ci biyu, Peter Anieke, abokin Sam Garba tun daga Jos, ya ci ɗaya. Bayan an dawo Barazil ta farke duka ukun, aka tashi 3 da 3. Nijeriya ta dawo gida da maki ɗaya tak, amma ta dawo da sanin cewa 'ya'yanta za su iya tsayawa gaban kowa. Cikin ƙwallaye huɗu da ta ci a gasar, biyu 'yan Jos ne suka ci su.

A nan akwai abin lura. A daidai lokacin da ƙasa ta rabu biyu, ana kashe juna saboda asali da suna, mutumin da ya fara ci wa Nijeriya ƙwallo a gaban duniya yana ɗauke da sunan Hausa da sunan Inyamurai a haɗe. Gwamnatin Tarayya ta kashe kuɗi masu yawa a lokacin wajen shelar cewa Nijeriya ɗaya ce. Ga shaida nan a fili sanye da koriyar riga, ba a kuwa biya ko kwabo ba domin a same ta.

Mighty Jets Da Kofin Da Ya Ƙi Zuwa Jos

Da yaƙi ya ƙare, sai harkar ƙwallo ta ɗauki sabon salo. A da gari ne ke haɗa 'yan wasansa ya shiga gasa da sunan garin, ko kuwa ma'aikata irin su Reluwe da Hukumar Lantarki da 'Yan Sanda da Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa su kafa kulob. Yanzu sai attajirai da gwamnatocin jihohi suka shigo. A Jos, babban birnin Jihar Binuwai da Filato ta wancan lokaci, Alhaji Isyaku Ibrahim ya ɗauki nauyin kulob ɗin Mighty Jets, wanda ya tattara gwanayen garin wuri ɗaya. Isma'ila Mabo yana baya, Sam Garba yana gaba, ga 'yan gidan Atuegbu, daga baya kuma ga Baba Otu Mohammed a gefen dama.

A 1972 aka fara gasar lig ta ƙasa, watau gasar da kulob-kulob ke karawa da juna ana tara maki, wanda ya fi maki a ƙarshe shi ne zakara. Mighty Jets ce ta ci ta farko. Wannan abin alfahari ne ga Arewa baki ɗaya, kuma ba wanda zai iya goge shi: in aka buɗe jerin zakarun Nijeriya, sunan da ke kan layin farko na Jos ne. Sai a 1978 wani kulob na Arewa ya sake ci, watau Raccah Rovers ta Kano.

A wannan shekara ta 1972 Mighty Jets ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, ta haɗu da Bendel Insurance ta Binin a filin Onikan da ke Ikko. 'Yan Binin suka shiga gaba da ci biyu, lokaci ya yi nisa, magoya bayansu har sun fara murna. Sai Sam Garba ya tashi haiƙan, cikin 'yan mintocin ƙarshe aka farke duka biyun. Ƙwallo ta biyun ta jawo gardama mai zafi game da busar alƙalin wasa, Sunny Badru, gardamar da tsofaffin 'yan kallo na ɓangarorin biyu suka daɗe suna yi. Aka yanke shawarar a sake wasan, aka kai shi filin Liberty na Badun, wanda shi ne karo na farko da aka yanke hukuncin kofin a wajen Ikko. A can Bendel Insurance ta ci 3 da 2.

Bayan shekara biyu, a 1974, Mighty Jets ta sake kai wa wasan ƙarshe, Rangers ta Inugu ta ci ta 2 da nema. Haka 'yan Jos suka yi ta zuwa bakin rijiya suna komawa da ƙishirwa, tun daga 1951, har mutane suka fara cewa akwai wani abu tsakanin garin da kofin. Sai a 1999 Plateau United ta karya wannan ƙofi, ta doke Iwuanyanwu Nationale da ci ɗaya mai ban haushi ta kai kofin Jos. A lokacin Sam Garba ya shekara 21 a ƙasa.

Ajali A Kan Hanya

A shekarar 1978 Sam Garba ya rasu a haɗarin mota, yana da shekara talatin ko da 'yan kai, shekarun da ɗan wasa ke fara juya abin da ya sani zuwa ga na baya. Mutuwa rigar kowa ce, amma lokacin da tasa ta zo ya ƙara taimakawa wajen binne sunansa.

Dalili kuwa shi ne, ba a cika shekara biyu ba sai ƙwallon Nijeriya ta shiga sabon zamani. Ran 22 ga watan Maris na 1980 Green Eagles ta doke Aljeriya 3 da nema a babban filin wasa na Surulere, ta ci Kofin Afirka karo na farko. Segun Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ci ɗaya, Aloysius Atuegbu, tsohon ɗan Mighty Jets, yana cikin ƙungiyar. Shugaba Shehu Shagari ya ba 'yan wasan gidaje da motoci da lambobin girma. Talabijin ta riga ta shiga gidaje da yawa, jama'a suka ga wasan da idonsu. Daga ranar nan, ga mafi yawan 'yan Nijeriya, tarihin ƙwallo daga 1980 ya fara. Waɗanda suka share fagen, suka buga lokacin da rediyo da jarida kaɗai ke kai labari, sai suka koma inuwa.

Sa'an nan kuma a zamanin Sam Garba ƙwallo ba sana'a ba ce da ake tara dukiya da ita. Ɗan wasa ma'aikaci ne kamar kowa, akawu ko makaniki ko ɗan sanda, ya yi aiki da safe ya je fili da yamma. Ba a fara gasar ƙwararru masu cin abinci da ƙwallo a Nijeriya ba sai 1990. Wanda ya buga kafin nan, in ƙafa ta gaji, abin da ya rage masa shi ne suna, sunan kuwa in ba a rubuta shi ba yakan bi masu tunawa da shi zuwa kabari.

A dubi bambanci. Kamamoto, wanda suka kara da shi a Puebla, ya ci wa Japan ƙwallo 75, ya zama ɗan majalisar dattawan ƙasarsu a 1995, an kuma sa shi cikin zauren tunawa da gwarzayen ƙwallon Japan. Wasan 14 ga Oktoba, 1968, a wurinsu mafarin lambar tagulla ne. Wasa ɗaya ne, fili ɗaya, rana ɗaya, amma wani gefe ya adana nasa, ɗaya gefen ya bar nasa a hannun iska.

Abin Da Ya Bari

Duk da haka ba a ce Sam Garba ya tafi hannu wofi ba. Itacen da shi da abokansa suka dasa ya yi 'ya'ya. Baba Otu Mohammed da Aloysius Atuegbu suna cikin waɗanda suka kai Nijeriya matsayi na uku a Kofin Afirka na 1976 a ƙasar Habasha. Isma'ila Mabo ya zama mai horar da ƙungiyar mata ta ƙasa, ya kai ta zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a Kofin Duniya na mata a 1999, kafin rasuwarsa a 2023. Jos kuma ba ta daina haihuwa ba: John Mikel Obi da Ahmed Musa, waɗanda dukkansu suka riƙe kyaftin ɗin Nijeriya, 'ya'yanta ne. Plateau United ta ci gasar lig a 2017, shekara 45 bayan Mighty Jets.

A Wasannin Olimfik ma ƙofar da ya buɗe ba ta rufu ba. A 1996, a Wasannin Atlanta na Amurka, Nijeriya ta doke Barazil 4 da 3, ta doke Ajantina 3 da 2, ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta ci zinariya a ƙwallon ƙafa. Cikin ƙungiyar akwai 'ya'yan Kaduna, Garba Lawal da Tijjani Babangida da Daniel Amokachi. A 2008 aka ci azurfa. A 2016 kuwa, a birnin Manaus na Barazil, Nijeriya ta sake haɗuwa da Japan a wasanta na farko, ta ci 5 da 4, ta ƙare gasar da lambar tagulla. Kyaftin ɗin wannan ƙungiya Mikel ne, ɗan Jos. 

Jan Hankali Ga Ɗalibai Da Ma'aikata

Yanzu sai mu juyo gida. Cibiyar Koyon Aikin Mulki da ke Kongo ta daɗe tana yaye ma'aikatan gwamnati tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma har yanzu daga wannan harabar ake samun lauyoyi da jami'an mulki da ke cika ma'aikatu da ƙananan hukumomi. Waɗannan su ne mutanen da gobe fayil zai biyo ta teburinsu: fayil ɗin raɗa wa titi suna, da na kasafin kuɗin wasannin makarantu, da na filin wasan da wani ke so a yanka a yi shaguna, da na tsohon ɗan wasan da ke kwance asibiti. Abin da jami'i ya sani shi ke sa ya sa hannu ko ya ture fayil gefe. Domin haka muke da shawarwari uku.

Na farko, a rubuta. Tsofaffin jaridu suna nan: Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, da New Nigerian ta Kaduna, da Nigeria Standard ta Jos da aka kafa a 1972, shekarar da Mighty Jets ta yi tashe. Akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, akwai Gidan Arewa, akwai Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Samaru. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta kundin kammala karatu a kai, ga gona nan ba a nome ba. Tarihin 'yan Kano na 1953, da na Mighty Jets, da na Raccah Rovers, da na Ranchers Bees ta Kaduna, kowanne ya isa littafi. Kuma a gaggauta, gama waɗanda suka ga waɗannan wasanni da idonsu sun manyanta, kullum ana raguwa. Dattijo ɗaya in ya tafi, ya tafi da abin da ba a samu a kowace takarda.

Na biyu, a mai da wasa makaranta. Sam Garba da Mabo da Anieke da Igwe ba daga sama suka faɗo ba, filin makaranta ne ya fito da su, da malamin da ya tsaya bayan an tashi yana busa usur. Yau makarantu da yawa, musamman masu zaman kansu, ana buɗe su a gidajen haya da ba su da ko tsakar gida, na gwamnati kuma an cinye filayen wasu da gine-gine. Hukumar da ke ba da izinin buɗe makaranta tana da ikon tambayar inda yara za su yi wasa. Wanda bai shuka ba, ba ya zuwa gona da lauje.

Na uku, a kula da waɗanda suka rage tun suna da rai. Yabon gwani ya zama dole, amma yabon da aka yi a gaban makara iyalin mamaci kaɗai ke jin sa. Hukumomin wasanni na jihohi suna iya tattara sunayen tsofaffin 'yan wasan da suka buga wa jiha ko ƙasa, a san inda suke da halin da suke ciki, a riƙa gayyatarsu bikin ba da kofi, a sa su cikin tsarin kula da lafiya. Wannan ba ya bukatar kuɗin da ake kashewa a bikin buɗe gasa ɗaya.

Bayan waɗannan kuma akwai abin da ya fi ƙwallo girma. Tun daga 2001 Jos ta sha fama da rikice-rikicen da suka raba unguwanni, suka sa maƙwabci ya ji tsoron maƙwabcinsa. Yaran da aka haifa cikin wannan hali suna bukatar a gaya musu cewa garinsu ya taɓa zama wurin da Isma'ila da Peter da Tony da Garba Okoye suka sa riga ɗaya, suka yi magana da harshe ɗaya, gari duka ya bi bayansu. Wannan ba tatsuniya ba ce, abu ne da ya faru, da shekararsa da sakamakonsa a rubuce.

Sam Garba bai ɗauki Kofin Ƙalubale ba, bai ga 1980 ba, bai sami gida ko mota daga hannun shugaban ƙasa ba. Abin da ya samu shi ne layin farko a littattafai biyu, na Olimfik da na gasar lig ta ƙasa. Haƙƙinsa ne a kanmu mu karanta wa 'ya'yanmu wannan layi. Allah ya sa mu zama masu tuna alheri, ya kuma kyautata namu ƙarshen, amin.